Yadda Za Ka Tuƙa Bas Kai Kaɗai Daga Jigawa Zuwa Agadas da Duwatsun Abzin

Mutumin da ke zaune a Ɓaɓura, ko Gumel, ko wani ƙauye a ƙasar Kazaure, ya fi kusa da hamada fiye da yadda yake zato. Daga ƙofar gidansa zuwa Damagaram tafiyar wuni guda ce ko da an ɓata masa lokaci a kan iyaka, daga Damagaram zuwa Agadas kuwa kimanin kilomita 450 ne, kuma a bayan Agadas duwatsun Abzin suka fara, waɗanda ƙololuwarsu a tsaunin Bagzan ta kai mita 2,022. Wanda yake da ƙaramar bas, yake kuma son ganin wannan ƙasa da idonsa ba tare da jiran abokin tafiya ba, zai iya yin hakan, amma da sharaɗin kaɗaicin ya tsaya a cikin motar kawai. A kan hanya wajibi ne a kowane lokaci a sami wanda ya san inda kake, ya san lokacin da ya kamata ka isa zango na gaba, kuma a sami wata mota a gabanka ko a bayanka.

Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato bayan an gama kai amfanin gona rumbu. A bazara zafin Agadas yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma a irin wannan yanayi inji da direba duk ba sa jure kuskure. A damina kuwa, daga Yuli zuwa Satumba, ƙoramun Abzin suna kawo ruwa ba zato ba tsammani. Hunturu ma yana da nasa sharaɗin, domin hazo yakan rufe hanya, sanyin dare a kan duwatsu kuma ya wuce wanda muka sani a nan nesa ba kusa ba, saboda haka bargo biyu da rigar sanyi mai kauri suna cikin kayan dole.

Kafin maganar mota akwai maganar tsaro, kuma ita ce za ta yanke ko za a tafi ko za a fasa. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar Nijeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. A shekarar ta 2025 an sace wasu Turawa a cikin garin Agadas kansa, kuma tun lokacin da aka gano zinariya a Jado, can ƙuryar arewacin Nijar, a 2014 hanyoyin arewa suka cika da masu neman arziki da masu tare su. Dokokin shiga da na rakiyar soja suna sauyawa, don haka labarin bara ba shi da amfani a bana. Ka je tashar da motocin Damagaram ke lodi, ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis inda fataken dabbobi daga Nijar ke taruwa, ka tambayi direbobin da suka sauko a makon nan. Idan bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa hanya ba ta da kyau, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Game da motar, Hiace ta fi Sienna dacewa da wannan tafiya, domin cikinta ya fi nisa da ƙasa, ƙafafun baya ne ke tura ta, kuma kayan gyaran Toyota da masu iya gyaranta ba sa wuya daga Kano har Agadas. Kai ta wurin bakanike mako biyu kafin tashi, kuma kada ka ajiye masa makulli ka tafi kasuwa. Zauna a gefensa ka ga yadda yake canza fanbel, yadda yake cire matatar mai da matatar iska, da inda fis-fis suke, saboda a tsakanin Tanut da Adarbisanat kai ne bakaniken. A wanke lagireto, a canza duk tiyon ruwan da ya yi laushi ko ya fara tsagewa, a duba birki da kuloci, a sa sabon baƙin mai, a ɗaure batir da kyau don kada girgiza ta fasa shi. Bayan gyaran ka yi 'yan kwanaki kana hawanta da kaya a ciki, domin aikin da ba a ɗaure da kyau ba a kwanakin farko yake bayyana, kuma gara ya bayyana a hanyar Ɗambatta.

Taya ita ce abin da mutanenmu suka fi yi wa rowa. Tsohuwar taya da aka shigo da ita daga waje tana iya nuna zane mai kyau alhali robar ta bushe, kuma zafin kwalta da kaifin dutse za su tona asirinta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Wadda ta haura shekara biyar ko shida ka bar ta a gida. Ka ɗauki safaya biyu, da kayan faci, da famfon iska, da ma'aunin iska, da jak mai ƙarfi tare da guntun katako mai kauri da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse a yashi. Ka haɗa da shebur, da igiyar jan mota, da faifan ƙarfe ko katako biyu masu tsawon kamar mita ɗaya da rabi, da fanbel, da matatar mai, da baƙin mai, da man birki, da waya, da tocila. Kujerun baya a cire su a shimfiɗa katifa, kaya masu nauyi kuma a jera su a ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure su tamau. Ɗora jarkoki a kan rufi yana sa mota ta yi saurin kifewa a kwana ko a gangara.

Ruwa ka lissafa lita 10 a kowace rana don sha da alwala da girki, ka ƙara na kwana uku wanda ba za ka taɓa ba sai in mota ta mutu, sannan lita 20 daban saboda lagireto. Raba shi a jarkoki da yawa, domin idan babba guda ta huje ka rasa komai a lokaci ɗaya. Jarkar da kake sha daga ciki ka naɗe ta da buhun algarara, ka ɗinke, ka riƙa jiƙa buhun kana ajiye ta inda iska ke bugawa; ruwan zai yi sanyi kamar na randa. Ka kuma riƙe ma'aunin ruwan gishiri da sukari a ka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri ya zama abin da ba ya lalacewa, wato garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, soyayyar gyaɗa, da kayan shayi. Fura da nono na rana ɗaya ne.

Sha'anin man fetur yana buƙatar dabara. Tun 2019 hukumar kwastan ta Nijeriya ta tsananta a kan mai a garuruwan da ke kusa da iyaka, kuma wanda aka gani da jarkoki cike yana fuskantar arewa za a ɗauke shi ɗan fasa-ƙwauri ko da ba shi ba ne. Cika tanki tun a Kazaure ko Gumel, ka tsallaka da jarkokin mai babu komai a ciki, ka cika su a Damagaram. Akwai matatar mai ta SORAZ a arewacin garin a kan hanyar Tanut, wadda ta fara aiki a 2011, amma hakan bai hana ƙarancin mai mai tsanani a Nijar a Maris na 2025 ba, saboda haka duk gidan man da ka tarar yana sayarwa ka cika, ko da tankin bai kai rabi ba. Idan dole ta sa ka sayi na kwalba a bakin hanya, tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ka tuna kuma cewa a yashi mota tana shan mai fiye da yadda ta saba ƙwarai.

Takardu su ne fasfo, da katin rigakafin zazzaɓin shawara, da lasisin tuƙi, wanda ya fi kyau a haɗa shi da na ƙasa da ƙasa, da takardun mota na asali masu ɗauke da sunanka, da inshorar da ke aiki a Nijar. Idan motar ba da sunanka take ba, ka riƙe takardar izini daga mai ita. A ofishin duwan, wato kwastan na Nijar, za a ba ka takardar shigar da mota ta wucin gadi, mai wa'adi, wadda za ka mayar idan za ka fito. Kowace takarda ka yi mata kwafi da yawa, domin a shingen jandarma ya fi sauƙi ka miƙa kwafi. Allurar sanƙarau ma tana da kyau, tunda lokacin tafiyar ya faɗo a kakar cutar.

A gida kuma akwai shirin da ya fi duk waɗannan. Zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, yayanka ko ƙanenka, ka rubuta masa zangon kowace rana, da lambar motar, da lokacin da za ka kira shi, ku kuma yi yarjejeniya a kan awa nawa zai jira kafin ya fara neman taimako da kuma wanda zai fara kira. Ka sanar da mai unguwa, ka yi sallama da iyaye, ka rubuta basussukan da ke kanka da waɗanda kake bi, kamar yadda matafiya suka saba tun zamanin fatauci.

Mashiga uku ne suka fi kusa da mu. Akwai ta Ɓaɓura zuwa Babban Mutum zuwa Magarya, daga nan a miƙe zuwa Damagaram. Akwai ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamai. Akwai kuma ta Maigatari da ke fita wajen Dungas. Ka isa iyaka da safe. A kowane shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka cire baƙin tabarau, ka yi sallama, ka ce “ranka ya daɗe, sannu da aiki”, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Bas da aka cire wa kujeru tana nufar Agadas dole ta jawo tambaya, domin hanyar ta shahara da jigilar masu ƙaura zuwa Libiya da Aljeriya, har Nijar ta kafa dokar hana wannan sana'a a 2015 kafin a soke ta a Nuwamban 2023. Saboda haka kada ka ɗauki fasinjan da ba ka sani ba, kada kuma ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko da mai bayarwar ya haɗa ka da Allah da Annabi. Kuɗi ka canza su zuwa sefa tun a iyaka ko a Damagaram, ka raba su wuri uku a cikin motar. A kasuwa da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000, don haka idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi.

Damagaram ta cancanci kwana biyu. Ita ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har zuwa 1926, kuma fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni da gidajen Zango masu zanen bango abin kallo ne ga duk wanda ya san ginin Kano. A nan za ka sayi layin waya na Nijar, ka sauke taswirar da ke aiki ba tare da intanet ba, ka sake bin motar da kallo, ka kuma nemi labarin hanyar arewa a tasha.

Daga Damagaram tsarin kowace rana ɗaya ne. Ka tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, ka tsaya idan rana ta take, ka ci gaba bayan la'asar in akwai sauran tafiya kaɗan, ka kuma tabbata magariba ta same ka a cikin gari. Tuƙin dare babu shi sam, saboda raƙuma da jakuna da ke kwanciya a kan kwalta, da ramuka, da 'yan fashi. Tanut tana da nisan kimanin kilomita 150, kuma bayanta gonakin gero suna ƙarewa, garuruwa su yi nisa da juna, sabis na waya ya riƙa ɗaukewa. Daga nan kada ka tafi kai kaɗai a hanya: jira babbar motar safa ko ta kaya, ka gaisa da direban, ka gaya masa kana bayansa, ka bar tazarar da ƙurarsa ba za ta rufe maka ido ba. Wurin kwana ka nema kusa da ofishin jandarma, ko ka yi sallama da mai gari ya nuna maka inda za ka ajiye mota. Kada ka kwana a ciki da inji a kunne, domin hayaƙin salansa yana kashewa cikin barci, kuma da safe ka kakkaɓe takalmi saboda kunama. Gyangyaɗi shi ne babban abokin gābar mai tuƙi shi kaɗai a miƙaƙƙiyar hanya. Goro da shayi suna jinkirta shi ne kawai, maganinsa ka tsaya ka runtsa.

Inda kwalta ta mutu ko yashi ya hau kanta, nan ake gane direba. Kafin ka shiga yashi mai laushi ka tsaya a wuri mai tauri, ka taka da ƙafa ka ga zurfinsa, ka rage iskar tayoyi zuwa kusan rabin yadda mai faci ya saba sa maka, sannan ka shiga da giya ta biyu da gudu madaidaici, kana bin sawun da ke gabanka, ba tare da canza giya ko taka birki ko murɗa sitiyari da ƙarfi ba. Idan ka ji motar ta tsaya tayoyin baya suna juyawa a banza, ɗauke ƙafarka daga totur nan take, domin kowane juyi rami yake haƙa maka har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sauka ka kwashe yashin da ke gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin mota, ka sauke kaya masu nauyi, ka ɗaga ƙafar baya da jak a kan katakon nan, ka cike ramin, ka cusa faifan a ƙarƙashin taya, ka fita a hankali, kuma kada ka tsaya sai ka kai wuri mai tauri, ka dawo da ƙafa ka kwaso kayanka. Aikin nan da sanyin safiya ko na yamma ake yin sa, wanda ya yi shi da tsakar rana zai sha ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Da ka koma kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Kowace yamma ka cire matatar iska ka kakkaɓe ta. Idan guguwar ƙura ta taso, sauka daga hanya, ka juya wa iskar baya, ka kashe inji, ka jira. Idan allurar zafi ta hau, tsaya ka fuskantar da motar ga iska, ka buɗe inda injin yake ya sha iska, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, kada kuma ka kwara ruwan sanyi a injin da ya yi zafi.

Bayan Adarbisanat da gangaren Tigidit sai Agadas, kuma tun daga nesa za ka hango hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, wanda aka fara ginawa a 1515 aka sake gina shi a 1844. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hausa ce harshen kasuwa a nan, saboda haka ba za ka ji baƙunci sosai ba.

A ganina a Agadas ya kamata bas ta huta. Hanyoyin da ke shiga Abzin, zuwa Timiya mai lambunan lemo da rumman, ko Tabelot mai albasa, ko Iferwan, ba kwalta ba ne. Duwatsu ne masu kaifi da cikin ƙoramu masu zurfin yashi, kuma an yi su ne don mota mai jan ƙafa huɗu. Bayan haka an binne nakiyoyi a yankin a lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, abin da ya sa barin sawun da mutane ke bi haɗari ne. Ajiye motar a gidan da ka amince da shi, ka nemi izinin hukuma, ka ɗauki jagora Ba'abzine da motarsa ta hannun mutanen da aka sani a gari. Zanen raƙuman dawa na Dabus, wanda babban cikinsu ya haura mita 5, yana kusa da hanyar Arlit, amma shi ma da jagora ake zuwa. Hamadar Tenere da hanyar gishirin Bilma kuwa ba wurin bas ba ne ko kaɗan.

Idan jagoran ya tabbatar cewa wani yanki na kusa, kamar wajen lambunan Dabaga, bas za ta iya, to ka riƙe ƙa'idojin dutse. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, kana barin inji ya riƙe motar, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana yin zafi ya daina kamawa, kuma sakin mota a furi a gangara don tsimin mai ganganci ne. Mai sauka shi ke ba mai hawa hanya. Dutsen da ba za ka iya kauce masa ba ka ɗora taya a kansa, kada ka bar shi ya bi ta tsakiya ya fasa kaskon baƙin mai. A nan iskar taya cikakkiya ake so, saɓanin yashi, saboda taya mai laushi gefenta dutse ke yankawa. Kada ka kwana ko ka ajiye mota a cikin ƙorama ko da ta bushe ƙurmus, domin ruwan da aka yi a kan dutse mai nisa yana iya isowa inda ko hadari babu. Ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Agadas a Satumban 2009 daga duwatsun ta gangaro.

Idan mota ta mutu a inda babu kowa, ka zauna tare da ita. Mota ana hango ta daga nesa, tana da inuwa, ruwanka yana cikinta, kuma a kan hanyar da ka rubuta wa ɗan'uwanka za a fara nemanka. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace sun watsu neman ruwa. Ɗaura bargo ko tabarma a gefen motar ka yi rumfa, ka kwanta da rana, ka yi gyara da sanyi, ka sha ruwa daidai buƙata, ka koma taimama ka bar ruwan don sha. Madubi yana haska alama da rana, tsohuwar taya kuma idan aka sace iskarta aka ƙone ta nesa da mota tana yin baƙin hayaƙin da ake gani daga wuri mai nisa.

Kafin ka juyo ka kai motar wurin bakanike a Agadas ya bi kusoshin ƙafafu da ƙarƙashinta, domin girgiza tana kwance abin da aka ɗaure. A dawowa iskar hunturu tana bayanka, kuma a wurin da kake tafiya a hankali hakan yana rage iskar da ke shiga lagireto, don haka ka fi sa ido a kan allurar zafi. Duba wa'adin takardar duwan tun kana Damagaram, ka mayar da ita a mashigar da aka ba ka, ka juye sauran man jarkoki a tanki kafin iyaka. Da ka iso gida a canza baƙin mai da matatar iska da matatar mai, ko da lokacin canza su bai yi ba.